Baƙo a Bakin Ƙofa: Abin da Burauza Ke Gaya wa Shafukan Intanet Game da Mai Ita

 

Gabatarwa

Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido, amma ya shafi kowa da ke zaune a wannan zaure. Da wuya a sami ɗaya daga cikinmu wanda bai buɗe wani shafi na intanet a wayarsa ba tun daga asuba zuwa yanzu. Yawancinmu mun ɗauka buɗe shafi daidai yake da buɗe jarida, watau mu ne masu kallo, shafin kuwa abin kallo ne kurum. Al'amarin ba haka yake ba. Kafin shafi ya aiko mana da ko harafi ɗaya, sai manhajar da muke leƙa shafuka da ita, wadda ake kira burauza, irin su Chrome da Firefox da Safari da Opera, ta fara gabatar da kanta. Takan rubuta waɗansu 'yan layuka a goshin saƙon da take aikawa, mai wayar ba ya ganinsu, amma mai shafin yana karanta su duka. Waɗannan layuka su ne zan riƙa kira kanun buƙata.

Nufina a wannan lacca shi ne in bayyana abin da ke cikin kanun nan, da dalilin da ya sa aka ƙago su, da kuma inda haɗarinsu yake. Zan nuna cewa kowane layi shi kaɗai ba shi da wani aibu, hasali ma yana da amfani, amma idan aka tattara su wuri ɗaya, aka adana, sukan zama alamar da za a gane mutum da ita ko bai faɗi sunansa ba. Zan kuma tsaya a kan wata matsala da ta keɓanta da mu masu magana da Hausa.

Ƙofa da Mai Tsaronta

Domin a fahimci maganar sosai, bari mu fara da abin da muka sani a gida. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa, sarakunan da suka biyo baya suka yi ta faɗaɗa ta, musamman Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi. Ganuwar tana da ƙofofi, irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai da Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Na'isa, kowace kuwa da sarkin ƙofarta, mai buɗewa da safe, ya rufe da dare, ya kuma sa ido a kan masu shige da fice.

To, idan falke ya iso bakin ƙofa da jakunansa, me sarkin ƙofa yake sani game da shi kafin ya tambayi sunansa? Da yawa. Ƙofar da ya biyo ta nuna nahiyar da ya fito. Tsagar da ke fuskarsa ta nuna ko Bagobiri ne ko Babarbare ko Bakabe. Naɗin rawaninsa da ɗinkin rigarsa sun ƙara wani bayani. Da ya yi sallama kuwa, harshensa ya tona sauran: wanda ya ce “shina nan” daban yake da wanda ya ce “yana nan”, mai cewa “tahi” daban da mai cewa “tafi”. Daga nan sai ya faɗi gidan fatoman da zai sauka, ko a Zangon Barebari, ko a Agadasawa, ko a Tudun Nufawa, ko a Ayagi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ta faɗi sunansa, amma idan ya dawo baɗi, sarkin ƙofa zai gane shi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Wannan shi ne matsayin burauza a gaban kowane shafi. Bambancin da ke tsakani zan zo kansa nan gaba.

Yadda Ake Neman Shafi

Kowane shafi na intanet yana ajiye ne a cikin wata kwamfuta da ke wani wuri a duniya, wadda za mu kira rumbun shafi. Idan ka taɓa adireshi, burauzarka takan aika wa rumbun nan saƙo bisa wata ƙa'ida da ake kira HTTP. Wani masani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ne ya tsara wannan ƙa'ida a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, bayan shawarar da ya gabatar a 1989. A siffarta ta farko, ta 1991, saƙon layi ɗaya ne tak, ma'anarsa ba ta wuce “ba ni shafi kaza” ba. Babu gabatarwa, babu bayanin mai nema.

Da jama'a suka yawaita, na'urori da harsuna suka bambanta, sai aka ga tilas ne mai nema ya faɗi wani abu game da kansa domin a ba shi abin da ya dace da shi. Saboda haka a 1996 aka wallafa siffa ta 1.0 mai ɗauke da kanun buƙata, a 1997 kuma aka fitar da ta 1.1. Abin lura shi ne, a cikin kanun farko har da wani mai suna From, wanda aka tanada domin burauza ta rubuta adireshin imel na mai ita. Masu tsara ƙa'idar da kansu sun yi gargaɗi a cikin wannan takarda ta 1996 cewa irin wannan bayani zai iya tona asirin mutum, kuma burauzoji sun daɗe da daina aika shi. Ke nan damuwar da muke magana a kanta tare aka haife su da ƙa'idar.

Layi na farko da ba makawa sai an aika shi ne Host, watau sunan shafin da ake nema, gama rumbu ɗaya yakan ajiye shafuka ɗaruruwa. Wannan daidai yake da faɗin gidan fatoma. Sauran layukan da suka fi muhimmanci guda huɗu ne, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na Ɗaya: Sunan Burauza da Irin Na'ura

Layin da ake kira User-Agent shi ne inda burauza ke faɗin sunanta, da lambar fitowarta, da irin manhajar da ke tafiyar da na'urar, ko Android ce ko Windows ko ta iPhone. Shekaru da yawa wayoyin Android suna haɗawa har da lambar ƙirar wayar, ta yadda mai shafi zai san Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, kuma wace iri. Amfaninsa a fili yake: da shi ake sanin a aiko wa mai waya shafi ɗan daidai, a aiko wa mai kwamfuta babba.

Akwai wani abin dariya a tarihin wannan layi. Burauzar Netscape ta 1994 ta kira kanta Mozilla, masu shafuka kuwa suka riƙa aika kyawawan shafukansu ga mai wannan suna kaɗai. Da Microsoft ya fitar da Internet Explorer a 1995, sai ita ma ta ce sunanta Mozilla domin kada a ba ta ragowa. Yawancin waɗanda suka biyo baya haka suka yi, har yau Chrome da Safari da Firefox da kalmar Mozilla suke fara gabatar da kansu. Wannan ya tuna mini da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 yana tafiya da sunan Abdulkarim. Aron suna a bakin ƙofa tsohuwar dabara ce.

Amma fa bayanin na'ura yana iya zama ma'aunin aljihun mutum. A 2012 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin cewa kamfanin Orbitz na Amurka, mai kama wa matafiya masauki, yana fara nuna wa masu kwamfutar Mac masaukai masu tsada, domin ya lura sun fi kashe kuɗi. Kowane ɗan kasuwar Kurmi ya san wannan hikima ta duban takalmin mai saye kafin a yi masa kuɗi, sai dai a Kurmi mai saye yana ganin ana dubansa.

Kazalika da wannan layi ne 'yan damfara ke tsorata jama'a. Mutum yana cikin karatu sai wani shafi ya faɗo masa da jan rubutu, ya ambaci ƙirar wayarsa daidai, ya ce ta kamu da cuta, ya taɓa nan a wanke ta. Sai hankalinsa ya tashi, ya ce lalle sun shiga wayata tun da har sun san sunanta. Alhali kuwa ba su shiga ko'ina ba, abin da burauzarsa ta faɗa musu a bakin ƙofa shi suka maimaita masa.

Daga 2022 zuwa 2023 kamfanin Google ya rage abin da Chrome ke faɗa a wannan layi. Yanzu a wayoyin Android takan ce Android 10 ce, ta sa harafin K a gurbin ƙirar wayar, ko wace iri ce. Sai dai an ƙago waɗansu sababbin kanu masu farawa da Sec-CH-UA, waɗanda ke faɗin sunan burauza da irin manhajar na'ura da ko waya ce, kuma idan mai shafi ya nemi ƙirar wayar Chrome za ta ba shi ba tare da ta shawarci mai ita ba.

Na Biyu: Harshe

Layin Accept-Language yana jera harsunan da mai na'ura ya zaɓa, bisa fifiko. Kowane harshe yana da alamarsa ta duniya. Ta Hausa ita ce ha, idan ta Nijeriya ce a rubuta ha-NG, ta Nijar kuwa ha-NE. Wanda ya sa Hausa gaba, Turanci a baya, burauzarsa za ta aika da wani abu kamar haka:

Accept-Language: ha-NG, ha;q=0.9, en;q=0.8

Lambobin nan suna nuna nauyin fifiko ne, daga sifili zuwa ɗaya. An ƙago layin domin shafin da ke da fassarori da yawa ya ba kowa nasa. Amma duba abin da jerin harsuna ke faɗa. Wanda ya jera Hausa da Larabci da Turanci ya ba da labarin kansa. Wanda ya jera Hausa da Faransanci, an san ya fi kusa da Maraɗi ko Damagaram. Ɗalibinmu da ke karatu a Alƙahira ko Landan, matuƙar wannan layi yana tare da shi, ya tafi da tsagarsa ta gado. Zan komo kan wannan batu.

Na Uku: Daga Ina Ka Fito

Layi na uku shi ne Referer. Masu jin Turanci za su lura an yi kuskuren rubutu a sunan, an bar harafi ɗaya, kuskuren kuwa ya shiga ƙa'idar 1996 ya zauna har yau. Aikinsa shi ne gaya wa sabon shafi adireshin shafin da ka baro ka zo gare shi, watau ƙofar da ka biyo. Masu shafuka suna son sa domin su san masu turo musu baƙi.

Haɗarinsa shi ne, adireshin shafi sau da yawa yakan ƙunshi abin da mutum ya rubuta yana nema, ko amsar da ya bayar a wani fom. A watan Janairu na 2015 kamfanin dillancin labarai na Associated Press da ƙungiyar kare 'yancin masu intanet ta EFF suka bayyana cewa shafin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka yana zubar da bayanan masu nema ga kamfanonin talla da na ƙididdiga ta wannan hanya: shekarun mutum, da yankin da yake zaune, da abin da yake samu, da ko yana shan taba, da ko mace tana da juna biyu. Ba wanda ya fasa rumbu, ba wanda ya yi sata. Burauza ce ta bi ƙa'ida. Saboda irin wannan, Chrome a 2020 da Firefox a 2021 suka canza ɗabi'arsu, ta yadda idan za ka tsallaka daga wani shafi zuwa na wani, sunan shafin kaɗai suke faɗa, su bar sauran adireshin.

Na Huɗu: Shaidar Dawowa

Asalin ƙa'idar HTTP ba ta da tunani. Kowace buƙata sabuwa ce, rumbu ba ya tuna wanda ya zo ɗazu. A 1994 wani injiniyan Netscape mai suna Lou Montulli ya ƙago abin da ake kira kuki. Rumbu yakan ba burauza wata 'yar lamba ta ajiye, duk sa'ad da ta dawo sai ta nuna ta a layin Cookie. Kamar marini ne a Ƙofar Mata ya ba ka shaida ka riƙe, ranar karɓar kaya ka nuna. Ba don kuki ba, da kowane shafi ka buɗe a bankinka sai ka sāke rubuta kalmar sirri.

Inda gizo ke saƙar shi ne, shafi ɗaya da kake gani a waya ba daga rumbu ɗaya yake zuwa ba. Rubutun daga wuri ɗaya, hotuna daga wani, talla daga wani, ma'aunin ƙirga baƙi daga wani. Kowane ɗayansu burauza takan aika masa buƙata dabam, da kanunta cikakku. Idan kamfanin talla guda yana da ɗan gurbi a shafuka dubu, to, yana iya ba ka kuki a na farko, ya gane ka a na biyu da na ɗari, layin Referer kuwa yana gaya masa inda ya gan ka kowane karo. Ka ƙaddara mutum ɗaya ne ke da ɗan leƙen asiri a kowace rumfa ta Kurmi da Kwari da Sabon Gari, da yamma su taru su haɗa labari. Safari ta toshe irin wannan kuki na baƙin kamfanoni gaba ɗaya a 2020, Firefox ta killace kowane kuki a shafin da aka ba da shi tun 2022. Google ya yi alkawarin cire su daga Chrome, sa'an nan a 2024 ya janye.

Lambar IP

Akwai wani abu da ba ya cikin kanun buƙata amma yana tafiya tare da su, watau lambar IP, wadda ita ce adireshin da za a maido da amsa. Daga gare ta ake sanin ƙasar da mutum yake da kamfanin da ya ba shi layi, ko MTN ko Airtel ko Glo. Ba ta nuna unguwa ko gida. Kamfanonin waya sukan haɗa mutane da yawa a kan lamba ɗaya, shi ya sa mutum yana zaune a Yakasai shafi ya ce yana Legas ko Abuja. Amma kamfanin wayar ya san wanda ke bayan kowace lamba, musamman tun da aka wajabta haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN daga watan Disamba na 2020.

Haɗuwar Alamu

Yanzu mun zo zuciyar maganar. A 2010 wani masani na ƙungiyar EFF, Peter Eckersley, ya yi gwaji mai suna Panopticlick. Ya tattara alamun burauzoji 470,161, ya haɗa kanun buƙata da waɗansu bayanai da shafi ke iya tambaya, irin su girman allo da agogon yanki da nau'o'in rubutun da ke cikin na'ura. Sai ya tarar kashi 83.6 cikin ɗari ba su da tamka a cikin taron duka. Layin User-Agent shi kaɗai ya isa ya ware mutum ɗaya daga cikin kimanin dubu. Gaskiya ta wajabta in ƙara da cewa wani bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 2018, a kan alamu kimanin miliyan biyu na talakawan masu karatu, ya sami kashi 33.6 ne kawai, a wayoyi kuwa kashi 18.5, domin wayoyi iri ɗaya sun fi kama da juna. Ko da mun ɗauki ƙaramin adadin, darasin bai canza ba: ana iya gane mutum ba tare da kuki ba, kuma gwargwadon bambancinka da jama'a, gwargwadon sauƙin gane ka.

A nan ne misalin ƙofa ya rabu da abin da muke ciki. Falke yana ganin sarkin ƙofa ido da ido, ya san abin da aka gani a jikinsa. Sarkin ƙofa yana ƙarƙashin Sarki, in ya yi zalunci akwai inda za a kai ƙara. Daɗin daɗawa, shi ɗan Adam ne, yana mantuwa, yana mutuwa. Rumbun shafi kuwa ba a ganinsa, yawanci yana wata ƙasa, yana rubuta kowace buƙata da lokacinta, kuma abin da ya rubuta ana iya sayar da shi ko a sace.

Masu Ƙara Rubutu a Hanya

Saƙo yakan bi ta hannun waɗansu kafin ya isa. Masu amfani da Opera Mini, wadda ta yi tashe a ƙasar nan saboda tattalin data, buƙatunsu suna bi ta rumbunan kamfanin ne, shi ya ɗauko shafin ya matse shi, yana kuma ƙara layin da ke faɗin lambar IP ta asali. Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da kamfanin waya na Verizon ya yi a Amurka daga 2012: ya riƙa cusa wata lambar shaida a kanun buƙatun masu layinsa, wadda goge kuki ba ya kawar da ita. An gano a 2014, hukumar sadarwar ƙasar ta ci shi tarar dala miliyan 1.35 a 2016. Maganin irin wannan shi ne HTTPS, watau siffar ƙa'idar da ke kulle saƙo tun daga waya har rumbu, ta yadda na tsakiya ba ya iya karanta kanun balle ya ƙara. Yawancin shafuka yanzu sun koma kanta. Amma a lura, kullewar ta kare ka daga mutanen hanya ne kurum. Mai shafin yana ganin kome, kamfanin waya kuma yakan san sunan shafin da ka je.

Abin da Burauza Ba Ta Faɗa

Kada tsoro ya wuce iyaka. Kanun buƙata ba su ɗauke da sunanka, ko hotunanka, ko lambobin mutanen da ke wayarka, ko saƙonninka. Ainihin wurin da kake tsaye, da kyamara, da makirufo, sai burauza ta nemi izininka. Yawancin abin da shafuka suka sani game da mu da hannunmu muka rubuta musu, gama baki shi ke yanka wuya. Aikin kanun shi ne ɗinke wancan bayani da sauran yawonmu: ranar da ka rubuta sunanka a shafi ɗaya, alamar da aka daɗe ana bi ta sami suna.

Roƙo da Doka

An taɓa gwada roƙo. A 2011 Firefox ta shigo da layin DNT, ma'anarsa “kada a bi sawuna”. Babu dokar da ta tilasta a girmama shi, yawancin kamfanoni suka yi biris, har a 2019 Apple ya cire shi daga Safari bisa hujjar cewa ya zama ƙarin alamar gane mutum. Magajinsa, GPC, wanda ya fito a 2020, ya sami goyon bayan dokar jihar Kalifoniya, kuma a 2022 kamfanin Sephora ya biya dala miliyan 1.2 kan laifuffukan da suka haɗa da ƙin girmama shi. Roƙon iri ɗaya ne, hukuma ce ta bambanta su.

A Nijeriya sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa a gidansa da wasiƙunsa da wayarsa. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai wadda ta ambaci lambar IP a cikin bayanan mutum, a watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba ɗan ƙasa ikon tambayar abin da aka tara game da shi da neman a goge. A 2024 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 kan al'amuran da suka haɗa da bayanan 'yan Nijeriya. Mu kuwa a nan ba baƙi ba ne ga wannan ƙa'ida, gama aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, tsarin gidajenmu na cikin gari kuma, daga zaure zuwa shigifa zuwa cikin gida, an gina shi ne a kan sanin iyakar da baƙo ke tsayawa.

Matsalar Mai Hausa

Na yi alkawarin komowa kan layin harshe. Yawancin wayoyin da ake saya a Farm Centre da Turanci suke zuwa, masu su kuwa ba sa canzawa, ko da Hausa suke magana dare da rana. Sakamakon haka abu biyu ne. Na farko, kamfanin da ke ƙirga harsunan baƙinsa ta wannan layi zai ga masu Hausa 'yan kaɗan ne, ya ce ba riba a fassara. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi sai ya ɓace a ƙididdiga. Na biyu, ɗan kishin harshen da ya sa ha a wayarsa ya zama farar tunkiya a cikin baƙaƙe, ya fi kowa sauƙin ganewa.

Ke nan mai Hausa yana tsakanin ɓoye harshensa ya saje da taro, ko bayyana shi ya fita dabam. A ganina mafita tana ga yawa. Alama takan nuna mutum ne idan masu ita kaɗan ne. Tsagar Gobirawa tana ware mutum a Kurmi, amma a kasuwar Sabon Birni ba ta ware kowa. Idan dubban ɗaruruwan masu waya a Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato suka sa Hausa a jerin harsunansu, alamar ta daina nuna mutum ɗaya, ta koma nuna al'umma, masu shafuka kuma su ga dalilin yi mana hidima da harshenmu. Wannan aiki ne da masu sayar da waya da masu gyaranta za su iya yi cikin minti ɗaya ga duk mai sayen da ya yarda.

Kammalawa

Ga abin da nake ba da shawara a taƙaice. Mu riƙa sabunta burauzojinmu, domin gyare-gyaren da na ambata suna cikin sababbin fitowa ne. Mu toshe kukin baƙin kamfanoni a wurin saiti. Kada mu rubuta wani sirri a shafin da adireshinsa bai fara da https ba. Mu sani cewa buɗe shafi a yanayin sirri yana hana wayar ajiye tarihi da kuki ne, amma sunan na'ura da harshe da lambar IP suna tafiya yadda suka saba, VPN kuma lambar IP kaɗai take canzawa. Wanda aikinsa ke bukatar ɓuya ta gaske, kamar ɗan jarida, akwai burauzar Tor, wadda aka tsara domin masu ita su yi kama da juna. Idan shafi ya ambaci ƙirar wayarmu ya ce ta kamu, mu rufe shi.

Ga ɗalibanmu masu koyon gina shafuka kuwa, ku ne sarakunan ƙofa na gobe. Abin da baƙo ya nuna muku domin ku yi masa hidima amana ce. Ku karɓi abin da aikin ke bukata, ku goge rajistar baƙi idan amfaninta ya wuce, kada ku cika shafinku da 'yan leƙen asirin waɗansu don 'yan kuɗin talla, kuma idan kun ga ha a layin harshe ku amsa da Hausa.